Shayin da Ake Ba Baƙo: Alheri Ne ko Tarko?

Wani saurayi ɗan cocin ECWA sashen Hausa, wanda a gabanmu ya girma nan Sabo, yana shirin tafiya Ingila aikin bishara na wata goma tsakanin ɗaliban jami'a. Aikin sa-kai ne, babu albashi. Don haka yana ta fama da takardun biza, yana bin 'yan cocinsu gida-gida neman gudummawa, ya kuma je gwanjo ya sayo rigunan sanyi. Irin wannan aiki ba sabo ba ne. Tun 1947 aka kafa IFES, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta duniya, reshenta na nan gida, NIFES, ya biyo baya a 1968. Musulmi ma suna da MSSN tun 1954.

Abin da ya tayar da gardama a majalisarmu ta bayan la'asar shi ne yadda aikin yake. Ɗalibi ya sauka daga Sin ko Iran ko Kano, bai san kowa ba, ga sanyi, ga kewar gida. Sai a gayyace shi shan shayi, a nuna masa kasuwa, a taya shi gyara Turancinsa. Daga baya a ce ko zai so a karanta Littafi Mai Tsarki tare. Wani dattijo ya ce, "Kai, wannan ai tarko ne! Ruwa ba ya tsami banza." Wani kuma ya ce to waye yake alheri ba ya fatan komai? Ko mai sadaka lada yake nema.

Mu dai a Sabo mun fi kowa sanin baƙunci. Tun kafuwar unguwar nan a 1916 ake saukar fataken shanu da goro. Maigida ya ba baƙo ɗaki, ya kai masa tuwo, ya tsaya masa a ciniki. Kowa ya san akwai la'ada a ƙarshe, baƙon ma ya sani, kuma ba mu taɓa kiran wannan yaudara ba. Me ya sa? Don ba a ɓoye ba. Ashe samun manufa a cikin alheri ba shi ne laifi ba. Laifin yana wajen ɓoye ta ga mutumin da kaɗaici ya riga ya raunana, wanda zai ji nauyin ce maka a'a bayan ya ci abincinka.

Saboda haka, kafin yaron nan ya rufe akwatinsa, muna ganin tambaya biyu ta fi rigar sanyi muhimmanci. Ta farko: ranar da ka fara miƙa wa baƙo kofi, za ka gaya masa ko kai wane ne, da wanda ya aiko ka? Ta biyu, ita ce mai wuyar: in ya ce maka, "Na gode, ina nan kan addinina," gobe za ka ƙara kiransa? In ya kwanta rashin lafiya za ka je duba shi? Idan shayin ya yanke ranar da ya ƙi, to da ma ƙugiya ce aka lulluɓe da tsutsa. Idan ya ci gaba, abota ce ta gaske, ko da ba a sami abin da ake fata ba.

Kada kuma mu ɗauka maganar ta mutanen coci ce kaɗai. Mai da'awa da yake raba shinkafa a ƙauye, wannan ma'aunin ne a kansa. 'Ya'yanmu suna makarantu a ƙasashen mutane, na wasu kuma suna zuwa hannunmu. Abin da ba za mu so a yi wa namu ba, kada mu yi wa na wani.

An kai wa saurayin maganar. Ya yi shiru, sannan ya ce ta farkon ba ta da wuya, ta biyun kuwa sai ya je ya gwada kansa. Mun ce masa Allah ya kiyaye hanya, in ya dawo muna nan, za mu tambaye shi.