Wa Ya Kai Mu Ƙara?

Alhaji Isyaku bai taɓa mallakar shago a Landan ba, amma ya shekara ashirin yana ciniki. Rumfarsa tana cikin kwamfuta, a kasuwar gwanjo ta eBay, wadda Pierre Omidyar ya buɗe a Kalifoniya ta Amurka a 1995. Kowace Lahadi bayan sallar asuba yakan fita bayan gari, zuwa filayen da Turawa ke buɗe but ɗin motocinsu suna sayar da tarkacen gida, ya tsinto tsofaffin agoguna da kyamarori da butocin shayi. Ya dawo ya goge su, ya ɗauki hoto, ya rubuta bayani, ya sa su a gwanjon kwana bakwai. In agogo yana makara da minti biyu a yini, haka zai rubuta. In murfin buta ya taɓa fashewa aka liƙe, hoton wurin liƙin ne zai fara sakawa. Masu saye kuwa, in kaya ya isa hannunsu, sukan bar shaida a ƙarƙashin sunansa. A kasuwar da ba a ganin fuskar juna, wannan shaidar ce jarin mutum, kuma ta Alhaji ba ta da tabo.

Ɗan ƙanwarsa, Nura, ya biyo matarsa da ta sami aikin jinya a wani asibiti a Landan. A Kano ya tashi cikin 'yan gwanjo, yana da ido a kan kaya, yana da zaƙin baki, ga zafin nema. Alhaji ya ji daɗin zuwansa ƙwarai. Da likita ya sa ranar yi masa aikin gwiwa, sai ya kira Nura ya damƙa masa mabuɗin ɗakin kaya da lambobin sirrin shiga rumfar.

"Ga amana nan," in ji shi. "Abin da ka gani a jikin kaya shi za ka rubuta. Duk saƙon da ya shigo ka karanta shi har ƙarshe kafin ka amsa."

"Kawu, kada ka damu. Kafin ka miƙe za ka tarar an ninka ciniki."

Satin farko komai ya tafi daidai. A na biyu Nura ya buɗe wani kwali da Alhaji ya saya a dunƙule daga gidan wani tsoho da ya rasu, bai ma kai ga dubawa ba. A ciki ya ci karo da sandar dogarawa ta baƙin itace, kanta fari sol, an sassaƙa shi da siffar kan doki. Ya juya ta a hannu, ya ji nauyinta da sanyinta, ya san hauren giwa ne. Da ya rubuta hakan a bayani, sai gargaɗi ya fito masa cewa ba a sayar da haure a wannan kasuwa, domin tun farkon 2009 eBay ta haramta shi. Nan ya kamata maganar ta tsaya. Amma wani abokinsa, Bashir, ya ce masa ai masu wayo ba sa ambaton haure, sai su rubuta ƙashin sa, mai saye da ya san kan abin zai gane daga hoto. Nura ya goge kalma ɗaya ya sa wata, sanda ta hau gwanjo.

Washegari saƙo ya shigo daga wata dattijuwa a arewacin Ingila, mai sayar da tsofaffin sanduna da laima. Nura ya karanta layin farko, ya ga tana cewa kan sandar nan ba ƙashi ba ne. Ya yi tsaki ya rufe. A ransa ya gama yanke hukunci: kishiyar sana'a ce, ta ga kaya mai kyau hassada ta motsa. Bayan kwana biyu aka sauke sandar daga gwanjo, aka aiko da takardar cewa tallan ya saɓa dokar kasuwa a kan kayan namun daji, kuma an rubuta laifin a kan rumfar.

Abin da Nura ya yi a daren nan shi ne abin da yawancinmu muke yi in an kama mu. Bai tambayi kansa ko abin da takardar ta faɗa gaskiya ne ba. Tambayarsa ɗaya ce, wa ya kai mu ƙara? A ƙarƙashin kowane talla akwai wurin da duk mai wucewa zai iya latsawa ya kai rahoto, kuma kamfanin ba ya faɗa wa mai kaya wanda ya latsa. Shi dai Nura ya riga ya sami wadda zai ɗora wa. Ya shiga rumfar dattijuwar ya bi kayanta ɗaya bayan ɗaya, ya kai rahoton biyar daga ciki cewa jabu ne, alhali ko sau ɗaya bai taɓa riƙe su a hannu ba.

Sai kuma ya zauna yana lissafin kuɗin da sandar za ta kawo da ba a sauke ta ba, ya ƙudura sai ya fanshe su a wani wuri. Akwai wata kyamarar Olympus ta shekarun 1970 da ke kan gwanjo, tayi ya tsaya a fam 95, saura yini ɗaya a rufe. A wannan kasuwa mai saye yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya a asirce, na'ura ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya ƙara, har a kai wannan iyaka. In ba wanda ya ja da shi, sai ya samu da sauƙi. Nura ya gane haka sarai. Ya kira Bashir gida, Bashir ya buɗe sabon suna a wayarsa, ya riƙa ƙara fam biyar-biyar yana tura na'urar tana hawa, har farashi ya kai fam 175, sannan ya janye hannu. Wani malamin makaranta mai ritaya ya biya, bai san da iska yake tsere ba. Da suka ga ta yi daɗi, suka maimaita a kan agoguna biyu.

Ba su san cewa sawunsu a fili yake ba. A lokacin, a tarihin tayin kowane kaya ana nuna kashi nawa cikin ɗari na tayin mutum ya faɗa a kan mai sayarwa guda, na Bashir kuwa ɗari bisa ɗari ne, ga sabon suna, bai taɓa sayen ko allura ba. Kuma wayarsa da kwamfutar Alhaji ta layin intanet ɗaya suke fita. Ranar da aka sallamo Alhaji daga asibiti, a ranar aka rufe rumfar. Aka sauke duk kayan da ke kan gwanjo, aka riƙe kuɗin da ba a riga an tura banki ba.

Nura ya iso da yamma, ya gaishe da Hajiya, matar kawunsa, ya durƙusa gefen kujerar da kawunsa ya miƙe ƙafa a kai.

"Kawu, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Na ga takardun."

"Wallahi Kawu, makirci ne. Baturiyar nan mai sanduna ita ta sa mu a gaba. Tun ranar da..."

"Ɗauko min sandar."

Ya ɗauko. Alhaji ya sa tabarau, ya kai kan sandar kusa da fitila, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙa masa.

"Dubi gindin nan inda aka yanke. Ka ga zane-zanen nan da suka gitta juna? Ƙashi ba ya da su. Ƙashi ɗigo-ɗigo baƙaƙe yake da su, hanyoyin jini. Nura, haure ne ko ba haure ba ne?"

"Ai Kawu, wadda ta kai ƙarar..."

"Ban tambaye ka wadda ta kai ƙara ba. Haure ne?"

Nura ya sunkuyar da kai. "Haure ne."

"Ka sani lokacin da ka rubuta ƙashin sa?"

"Na sani."

"To, ko Shaiɗan ne ya kai ƙarar, gaskiya ya faɗa. Buɗe saƙon matar nan ka karanta min, daga farko har ƙarshe."

Nura ya buɗe, yana karantawa muryarsa tana raguwa. Dattijuwar ta ce ta daɗe tana ganin kayan wannan rumfa, ta san mai ita mutum ne mai gaskiya, shi ya sa ta zaci kuskure ne. Ta ce tun 6 ga Yuni 2022 dokar haure ta Birtaniya ta fara aiki, kuma wanda aka kama yana cinikinsa zai iya fuskantar tarar da ta kai fam 250,000 ko ɗaurin shekara biyar. Ta bayyana cewa ko tsohon kaya da aka yi kafin 1947 ba a yarda a sayar ba sai in hauren da ke jikinsa bai kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma sai an yi masa rajista da hukuma. Ta roƙe shi ya sauke tallan da kansa tun kafin wani ya gani. A ƙarshe ta yi masa fatan alheri.

Ɗakin ya yi shiru. Hajiya, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta ce, "Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

"Wannan ce ka kai ƙarar kayanta biyar," in ji Alhaji. "Masu kamfanin ma sun rubuto a kan haka, domin rahoton ƙarya laifi ne mai zaman kansa a dokarsu. Kuma kada ka ɗauka dokar hauren nan fitinar Turawa ce kawai. Tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma ba a daina harbin giwa ba, don maharbi ya san akwai mai saye. Sabon haure yakan shiga kasuwa ne da rigar tsoho. Ka je Yankari ka tambayi masu gadin daji abin da ya rage."

Sai ya juya kan maganar kyamara, kuma a nan ne muryarsa ta sauya. Nura ya yi ƙoƙarin cewa ai ko a gwanjon gida ana sa na hannun dama ya ɗan ɗaga farashi, kuma malamin nan da kansa ya rubuta iyakarsa, ba wanda ya tilasta shi.

"Ana yi, kuma malamai sun san sunansa. Najashi ne, ka taya abin da ba ka da niyyar saye don ka ruɗi ɗan'uwanka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Gwanjo halal ne, wannan kuwa ha'inci ne. Mutumin nan ya rubuta iyakarsa ne bisa yarda cewa duk wanda ke ja da shi mai saye ne na gaskiya. Fam 80 ka zare daga aljihunsa. Da ba eBay a duniya, da wannan kuɗin bai halatta gare mu ba."

Ya ƙara da cewa hukuma ma ba ta ɗaukar abin da wasa. A shekarar 2000 wani lauya a Kalifoniya, Kenneth Walton, da abokansa suka yi ta taya wani zanen jabu da sunaye iri-iri har ya haura dala 135,000, ƙarshenta ya amsa laifi a kotu, aikin lauya ya kuɓuce masa. A nan Ingila ma, a 2010, kotu ta ci wani mutum tarar dubban fam saboda taya kayansa da kansa.

Nura ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ɗago ya kawo shawarar da yake ganin ita ce mafita: a buɗe sabuwar rumfa da sunan Hajiya, a ci gaba kamar ba abin da ya faru.

"Sunana ka ɓata bai ishe ka ba, sai ka haɗa da nata?" Alhaji ya girgiza kai. "Wanda aka dakatar ba shi da izinin dawowa da wani suna. Ƙarya ta huɗu ke nan za mu ɗora a kan uku. Jawo kujera."

A daren suka rubuta takardu uku. Ta farko zuwa ga kamfanin, kuma Alhaji bai yarda a sa kalmar kuskure a ciki ba. Ya faɗi cewa yana asibiti, ya ba wani ɗan'uwansa rumfar, ya lissafa abin da aka yi ɗaya bayan ɗaya, ya ce alhakin yana kansa tunda shi ya ba da lambobin sirrinsa. Ta biyu zuwa ga mutum ukun da aka ɗaga wa farashi, da bayanin abin da ya faru da alkawarin mayar musu da rarar. Nura ne ya biya daga aljihunsa, cikin wata biyu. Ta uku ita ta fi masa wuya, domin Alhaji ya ce shi kaɗai zai rubuta ta, da sunansa. Ya gaya wa dattijuwar cewa shi ya kai ƙarar kayanta, ya san ƙarya yake yi, ya kuma rubuta wa kamfanin ya janye.

Amsarta gajeriya ce. Ta ce an sauke mata kaya biyu na 'yan kwanaki kafin a mayar, ta yi asarar ciniki, kuma abin ya yi mata ciwo. Ta ce ba ita ta kai ƙarar sandar ba, ta jira ne ya sauke da kansa. Ta karɓi haƙurin.

Gaskiyar da suka faɗa ba ta goge laifin ba, kuma bai kamata mai karatu ya zaci za ta goge ba. Rumfar ta yi makonni a rufe. Da aka buɗe ta, an cire wa Alhaji alamar amintaccen mai sayarwa, an taƙaita yawan kayan da zai iya sakawa a wata, kuma ɗaya daga cikin mutum ukun nan ya bar shaida marar daɗi, ta farko a shekara ashirin. Alhaji bai nemi a cire ta ba. Ya rubuta a ƙarƙashinta cewa abin da mai sayen ya faɗa gaskiya ne, kuma an mayar masa da kuɗinsa. Sandar kuwa aka mayar da ita cikin kwali, domin doka ba ta hana ajiye ta ba, sayarwa ta hana.

Bayan shekara guda Nura ya buɗe tasa rumfar da sunansa na gaskiya, aka fara ba shi izinin kaya goma a wata kamar kowane sabon shiga. Kafin ya sa ko ɗaya, Alhaji ya zaunar da shi ya karanta jerin kayan da aka haramta da dokokin tayi tun daga sama har ƙasa. Har yau ba su san wanda ya kai rahoton sandar ba, ko mutum ne ko na'urar kamfanin, kuma Alhaji Isyaku bai taɓa neman ya sani ba.