Duwatsun Gilgal da Kufaifan Ƙasar Yobe

Karatu: Joshuwa 4, Littafin Mahukunta 2:6-10, 2 Sarakuna 18:1-4

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Ubangiji bai bar su su wuce haka kawai ba. Ya umarci Joshuwa ya zaɓi mutum goma sha biyu, ɗaya daga kowace kabila, su ɗauko duwatsu daga tsakiyar kogin, aka kuwa kafa su a Gilgal. Ba don ado aka yi wannan ba. An yi ne domin wata rana yaro ya ga duwatsun ya yi tambaya, uba kuma ya sami dalilin buɗe baki. Amma Littafin Mahukunta ya nuna abin da ya biyo baya: bayan rasuwar Joshuwa da dattawan zamaninsa, sai aka sami tsara wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san ayyukansa ba. Dutse ba ya magana. Idan ba wanda ya kai yaro wurinsa, shiru ne.

Wannan damuwa ta shafi iyalan masu bi a Danchuwa da kewayen Potiskum. Tun daga tashin hankalin da ya tsananta a Jihar Yobe a 2011 da 2012, gidaje da yawa sun watse zuwa Jos, Bauchi da Gombe. Akwai yaran da suka girma ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Waɗanda suka zauna kuwa, tsoro ya koya musu hanya uku: gida, gona, majami'a. Alhali ƙasar cike take da abubuwan da za su sa yaro ya tambaya.

A ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 sai ya ci karo da itace a zurfin kamar mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, an sassaƙe shi daga itace guda. Gwajinsu ya nuna ya kai shekara 8,000, ba a kuma sami wanda ya girme shi ba a duk Afirka. Wato dubban shekaru kafin Allah ya kira Ibrahim daga Ur, akwai wani masassaƙi a wannan ƙasa da Mahalicci ya ba hikima a hannu. Ba a san sunansa ba, amma Allah ya san shi. An kai kwalekwalen Damaturu, saboda haka mai zuwa Dufuna ba zai tarar da shi can ba, sai filin kogin Komadugu Gana da labarin da ke bakin mutanen garin. Ko wannan ma ya isa darasi, gama yaro zai ji cewa inda ake kiwo yau, dā ruwa ne mai ɗaukar jirgi.

Can arewa, gabas da Geidam, akwai kufan Birnin Gazargamu. Mai Ali Gaji ne ya kafa shi a ƙarni na 15, ya zama babban birnin daular Borno fiye da shekara 300, har ya faɗi a yaƙin 1808. Abin da ya rage shi ne tudun ganuwa da ɓurɓushin jan bulo. Uban da ya tsaya da 'ya'yansa a irin wannan wuri ba ya bukatar dogon wa'azi kafin su gane abin da Daniyel ya faɗa wa Nebukadnezzar game da mulkokin duniya. Kusa da gida kuma ga tsohon garin Fika, inda sarautar Bolewa ta zauna kafin a mai da ita Potiskum a 1924.

Wasu masu bi suna ɗari-ɗari da kufai, suna cewa mazaunin iskoki ne, zuwa can kuma kamar komawa tsafi ne. Damuwarsu ba ta banza ba ce. Macijin tagullar da Musa ya yi bisa umarnin Allah, shi ne daga baya jama'a suka riƙa ƙona wa turare, har sarki Hezekiya ya farfashe shi. Abin tunawa yakan rikiɗe ya zama gunki. Amma maganin wannan ba gudun tarihi ba ne. Mai bi ba ya ɗebo ƙasar kabari don neman albarka, ba ya yanka, ba ya roƙon matattu. Yana zuwa ne ya gani, ya ba da labari, ya gode wa Allah.

Ikilisiya ma tana da nata duwatsun. A karkarar ƙasar Ailan, a Clonmacnoise bakin kogin Shannon, har yau akwai gicciyen dutse da aka sassaƙa wa labaran Littafi Mai Tsarki fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A nan Nijeriya akwai Girku, inda Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara aikin SIM, ya rasu a 1894 bai ga amfanin wahalarsa ba. Akwai Garkida, inda aka yi sujada ta fari a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris, 1923. Kowace ƙaramar ikilisiya kuma tana da nata: itacen da aka fara taruwa a inuwarsa, rafin da aka yi baftisma ta fari, kabarin mai bishara na farko. Waɗannan ba sa cikin littafi, suna bakin tsofaffi ne, tsofaffin kuwa suna ƙarewa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, sa'ad da hanya ta bushe, yara kuma suna hutu. Kafin tafiya mai nisa, a tambayi halin tsaro a wurin waɗanda suka san hanyar, kada a yi ganganci da ran iyali. Idan an isa, a fara gaida mai gari a nemi izini, gama yawancin wuraren nan suna hannun maƙwabta Musulmi ne, ladabin baƙo kuma shaida ce. Kada a ɗauko ko da ɓallin bulo. Iyalin da ba su da kuɗin mota su fara da abin da ke kusa: ranar Lahadi da yamma su tafi gidan dattijon da ya fi kowa daɗewa a ikilisiya, ya kai su inda majami'ar farko ta tsaya, babban yaro kuma ya riƙe littafi da biro ya rubuta sunayen waɗanda suka gina ta.