Makiyayi da kura: shin jagora yana da ikon gudu?

Kalmar «fasto», wadda Kiristoci ke kiran jagoran ibadarsu da ita, daga Latinanci ta fito, ma'anarta kuwa makiyayi. Duk wanda ya taɓa bin garke a daji ya san nauyin wannan suna: neman ciyawa da ruwa, ƙidayar bisashe da magariba, saɓa ɗan tunkiyar da ya karye a kafaɗa. Haka aka ɗora wa fasto karantarwa, gaida majinyata, sasanta ma'aurata da rakiyar mamaci. Amma Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar da kura ta faɗo cikin garke, makiyayi yana da ikon tserewa da ransa?

Linjila kanta ba ta sauƙaƙa amsar ba. A sura ta 10 ta Yohanna an bambanta makiyayin kirki, mai ba da ransa, da ɗan ƙwadago mai gudu in ya hangi haɗari. A sura ta 10 ta Matiyu kuma an yarje wa almajirai su bar garin da ake tsananta musu.

A shekarar 250, da sarkin Rum Desiyus ya matsa wa Kiristoci, Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, ya ɓuya, yana tafiyar da jama'arsa ta hanyar wasiƙu. Wasu suka zarge shi da ragwanci. Da tsanani ya dawo, bai tsere ba, aka fille masa kai a shekarar 258. Mutum ɗaya, hukunci biyu: wanne ne daidai?

Ogustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, ya warware wannan ƙulli sa'ad da mayaƙan Bandal suka ƙetaro Afirka a shekarar 429. Wani bishop ya tambaye shi ko ya halatta su gudu. Ya amsa cewa jagora na iya kaucewa in shi kaɗai ake farauta kuma akwai masu riƙe aikin a bayansa, ko kuma in jama'ar duka ta tashi. In kuwa akwai waɗanda suka rage, barinsu ba mai kula da su cin amana ne. Shi kansa ya rasu a shekarar 430 cikin Hippo, abokan gaba na kewaye da ganuwa.

Abin lura a nan shi ne Ogustin bai auna jarumtar jagora ba, halin da garke zai shiga ya auna. Mai tsayawa don a yabe shi da mai gudu don tsira da fatarsa, dukansu kansu suka duba.

A ƙasar Ogustin ɗin dai, Piyer Kilaberi, bishop na Oran, ya ƙi barin Aljeriya lokacin yaƙin basasa, ko da yake mabiyansa kaɗan ne. Ranar 1 ga Agusta 1996 bam ya kashe shi tare da direbansa, wani saurayi Musulmi da shi ma ya san haɗarin bai janye ba.

Wanda aka damƙa wa mutane, kafin ya ɗaure kayansa, ya wajaba ya juya ya ƙidaya waɗanda ba su da ƙafar gudu, ya kuma san hannun da zai bar su a ciki.