Agogon Matafiyi da Agogon Gida

Ranar wata Asabar motata ta fara shessheƙa a hanya, in na taka totur sai ta yunƙura, sai kuma ta noƙe. Da ƙyar na lallaɓa ta zuwa Apo, unguwar kanikawa, inda duk motar da ta gaji a Abuja take zuwa jinya. Ban san garejin da aka kwatanta mini ba, taswirar waya ce ta yi mini jagora tsakanin rumfunan masu kayan gyara da tulin tsofaffin injuna har na isa. Bakaniken ya buɗe gaban motar, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, taimin ne ya goce. Wuta ba ta zuwa a kan lokacinta. Kaɗan ne, amma kaɗan ɗin ne ya hana ta tafiya."

Na koma bencin wani mai shayi ina jira. Mutumin ƙasar Katsina ne, hira ta kai mu ga zancen gida. Ya ce, "Wallahi Alhaji, shekara huɗu na yi ban je ba, ni kuwa gani nake kamar jiya na zo. Kullum cewa nake in na haɗa kuɗin fili zan koma. Da na je Sallar bara, yaron da na bari a goye ya gudu bayan uwarsa, yana cewa ga baƙo." Ya yi shiru, ya ci gaba da firfita garwashi.

A kan bencin nan na lura cewa wayar da ta kawo ni, da taimin ɗin motata, da labarin mai shayi duk magana ɗaya suke yi.

A 1905 wani matashin ma'aikacin ofis a birnin Bern, Albert Einstein, ya fito da bayanin da ya sauya yadda masana suke kallon lokaci. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, kuma ko kana tsaye ko kana gudu, in ka auna shi haka za ka same shi. Tunda gudun haske ba ya canzawa, to lokaci ne yake lanƙwasa. Agogon abin da yake gudu yana tafiya a hankali in aka gwada shi da agogon wanda aka bari a baya. A mota ko jirgin sama bambancin bai kai a ji shi ba. Amma a ce an ƙera kumbon da zai yi kashi 87 cikin 100 na gudun haske: duk shekara ɗaya da mutanen cikinsa suka yi, na gida sun yi 2. In ya kai kashi 99, shekararsu ɗaya ta zama 7 a gida. In ya kai 99.9, ta zama 22. Mutum zai yi sallama da jaririnsa, ya je ya dawo bai ƙara furfura ko ɗaya ba, ya tarar jaririn ya yi aure.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, na cikin kumbon ba ya jin komai. Zuciyarsa tana bugawa yadda ta saba, yunwa tana zuwa a kan lokacinta, agogon hannunsa lafiya lau. Ba wata ƙararrawa da za ta gaya masa cewa gida ya yi masa nisa a shekaru. Sai ranar da ya sauka aka jera agogo biyu. Duk wanda ya tashi a gidan Musulmi zai tuna da Ashabul Kahfi, da wanda aka aika kasuwa da tsohon kuɗin da zamaninsa ya wuce. Tasu aya ce ta Ubangiji, ba lissafin masana ba, amma halin da mai dawowa yake shiga iri ɗaya ne: shi yana jiya, gari yana yau.

Akwai kuma iyaka. Komai man da kumbo ya sha, ba zai kamo haske ba. Duk sa'ad da ya ƙara matsowa, ƙarfin da ake bukata don ƙara masa ɗan gudu sai ya ninka, abin da ake samu kuma sai ya ragu. A cibiyar CERN da ke kusa da Jeniba ana ingiza ƙwayoyin da ido ba ya gani har su wuce kashi 99.99999 na gudun haske, amma ɗan ragowar nan ya gagara. Kumbon da ya fi kowane gudu a tarihi, Parker na Amurka, ya yi kusan kilomita 692,000 a awa a Disamban 2024, kuma ko kashi 1 cikin 1,000 na gudun haske bai kai ba. Da na tuna wannan sai na tuna kuɗin filin mai shayi. Kafin ya haɗa, farashin ya tashi. Ya ƙara dagewa, ya ƙara tashi. Abin da yake bi ba ya kamuwa, shekarun gida kuwa ba sa jiransa.

Kada a ɗauka zancen littafi ne kawai. Ɗan sama jannatin Amurka Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar sararin samaniya daga 2015 zuwa 2016, ɗan'uwansa Mark, wanda tagwaye ne su, yana ƙasa. Ya dawo agogon rayuwarsa yana bayan na ɗan'uwansa, ko da yake ratar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na sakan ba. Mu ma muna da hannu a sama: tauraron ɗan'adam NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disamban 2011, wanda ake kula da shi daga nan Abuja, yana can nisan kusan kilomita 36,000, kuma lokacin da yake ciki ba daidai yake da namu ba.

Misalin da ya fi kusa yana cikin aljihu. Taurarin GPS da waya take saurare suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, suna gudun kimanin kilomita 14,000 a awa. Gudun nan yana rage wa agogonsu kashi 7 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Nisan da suka yi daga jan ƙasa kuma yana ƙara musu 45, kamar yadda bayanin Einstein na 1915 ya nuna. In aka cire, saura 38. Wa zai damu da kashi 38 cikin miliyan na sakan? To ai waya da lokaci take auna nisa, haske kuwa yana cin mita 300 a kashi ɗaya daga cikinsu. In aka ƙyale, ratar kwana ɗaya ta haura kilomita 10 a ma'aunin haske, tazarar da ta isa ta ɗauke mutum daga Apo ta kai shi wata unguwa can. Shi ya sa tun kafin a harba su ake rage wa agogonsu sauri, bayan sun tafi kuma tashoshin ƙasa ba sa daina auna su suna aika musu gyara. Ba a jira sai kuskure ya taru. Tauraron da ya daina karɓar saiti daga ƙasa, ko yana sama yana sheƙi, ba ya shiryar da kowa.

Ban ga laifin mai shayi ba, kuma ban ga laifin dubban 'yan'uwanmu da ci-rani ya kawo Apo da Gudu da Lokogoma ba. Ba don daɗi suka bar gida ba, kuma guminsu ne yake ciyar da gidaje da yawa a Arewa. Abin da nake tsoro shi ne wannan yaudarar da agogon matafiyi yake yi wa mai shi. Ma'aikacin ofis da ɗan kasuwa da ɗan majalisar da ke rukunin gidajen Apo duk suna cikinta. Kowa yana ganin jiya-jiya ya gaisa da mahaifiyarsa, alhali a wajenta damina biyu ta wuce. Kuɗin da ake turawa ta waya yana sayen hatsi, amma ba ya koya wa yaro fuskar ubansa. Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake. In ƙafa ta kasa, murya ta je, kuma ta je a kai a kai tun ratar tana ƙarama, domin gyaran kwana ɗaya kalma biyu ne, na shekara huɗu kuwa wani lokaci sai a makabarta ake zuwa yin sa.

Kafin shayina ya huce bakaniken ya kira ni. Ɗan juyi kaɗan ya yi da sifana, injin ya koma yana numfashi sumul. Na biya shi, na shiga mota, amma ban tayar ba. Na ɗauko wayar da ta kawo ni na nemo lambar gwaggona da ke Zariya, wadda na tabbata kwanan nan muka yi magana. Wayar ta nuna mini wata 11. Ta ɗauka, na yi sallama na ce, "Gwaggo, ina wuni?" Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Ɗan nan, ashe kana nan? Allah ya yi maka albarka."