Amanar da Kankare ke Rufewa

A cikin sana'o'in gini babu wadda aikinta ke ɓacewa da wuri kamar ta mai ɗaurin rodi. Birkila da kafinta kowa na ganin hannunsu, amma da zarar an zuba kankare, rodi ya shige duhu ke nan. Shin mene ne hukuncin kuskuren da ido ba zai sake gani ba?

Kankare yana jure danniya, amma ba ya jure ja, rodi ne ke ɗaukar masa wannan nauyi. Wanda ya sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16 ya zubar da kusan rabin ƙarfen da ake bukata. Wanda ya bar rodi ya jingina da katako bai bar wa kankare wurin lulluɓe shi ba. A garuruwan bakin ruwa irin su Yauri, Ngaski da Shanga, laima za ta iske wannan ƙarfe, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga ginshiƙi bayan shekaru, lokacin da mai aikin ya daɗe da karɓar kuɗinsa.

Ɗan Adam ajizi ne, wannan gaskiya ce. Sai dai akwai bambanci tsakanin kuskure da sakaci. Leburan da rana ta gajiyar har ya tsallake ringi ɗaya ya yi kuskure. Ɗan kwangilar da ya rage rodi don riba, da injiniyan da ya sa hannu daga ofis bai leƙa ba, sun ci amana. Tunda an san hannu na iya kaucewa, alhaki mafi girma yana wuyan wanda aka ɗora wa dubawa kafin a zuba kankare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta raba Gungawa da tsibiransu, kuma har yau tana riƙe da ruwan Kwara. Mutanen da ke kwana a ƙasanta ba su san sunan ko mutum ɗaya daga waɗanda suka ɗaura ƙarfenta ba, amma kowane dare rayukansu na hannun waɗannan ma'aikata. Haka ɗalibin da ke zaune ƙarƙashin dekin makaranta a Yelwa yake. Bai ga rodin ba, ba shi da ikon dubawa, yarda kawai ya yi. Mai aikin da ya tuna da wannan yaro ba zai bari a zuba kankare ba sai ya sake ƙirga rodinsa.