Ɗan Ƙwaya Ma Rai Gare Shi

Finafinanmu na Hausa masu jigon shaye-shaye kusan duk ƙarshensu ɗaya ne: ɗan ƙwaya ya haukace ko ya mutu, uba ya girgiza kai ya ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Mu 'yan kallo sai mu watse, wai an yi wa'azi. To amma mai karatu, in akwai hanyar ceto shi fa, ya dace a tsaya kallo?

Abin da ya sa na yi tambayar, a daminar 2024 wani matashi ɗan acaba a unguwarmu nan Daura ya afa tiramol fiye da kima. Aka same shi kwance, numfashi sama-sama, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura. Maimakon a nufi asibiti, sai aka rufe ƙofa ana ɗura masa madara, don kada maƙwabta su ji. Ko da aka nemo mota da daddare, rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki na ji wani dattijo na cewa, "Ai shi ya jawo wa kansa."

Gaskiya ne, shi ya jawo. Amma direban da ya yi tukin ganganci a hanyar Kongolam ma shi ya jawo, kuma ba mu taɓa barin sa a kwalta ba.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Tiramol da kodin kan danne numfashi har ya tsaya, kuma akwai maganin da ke warware wannan, sunansa nalokson. Cikin 'yan mintuna yakan dawo da numfashi. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wadata shi ga waɗanda ke kusa da masu shan irin waɗannan ƙwayoyi, kuma a 2023 Amurka ta yarda a sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba. Sai dai ƙarfinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, kuma ba ya hana jijjigar da tiramol ke jawowa. Don haka asibiti dole ne. Kafin a isa, a kwantar da mutum a gefensa, kada a ɗura masa komai.

Wasu na cewa in aka wadata maganin, yara za su ƙara samun lasisin sha. Na fahimci tsoron. Rahoton bincike na 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 4.6 na shan irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba, a shekarar da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Amma shin tsoron mutuwa ya hana su? Gawa nawa aka kai, ba a daina ba?

Muna son yaron ya tuba ya shiryu, ko ba haka ba? To matacce ba ya tuba. A fara dawo masa da numfashi, faɗa da nasiha su biyo baya.

Daraktocinmu, don Allah ku nuna mana uwar da ta ajiye kunya ta yi ihu, da maƙwabcin da ya tayar da mota. Wannan ma wa'azi ne.