Gyaɗa da Waken Suya a Ma'aunin Halal da Ɗayyib

Gyaɗa da waken suya 'yan dangi ɗaya ne, dangin wake, kuma dukansu suna tara sinadarin naitrojin a saiwoyinsu, abin da ke ƙara wa gona ƙarfi. Dukansu baƙi ne a ƙasar Hausa. Asalin gyaɗa Kudancin Amurka ne, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Ta zama ginshiƙin kasuwancin Arewa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a wajajen 1912, har aka san birnin da dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Fari na farkon shekarun 1970 da annobar cutar da ta afka wa shukar a 1975 suka durƙusar da wannan ciniki. Waken suya kuwa daga ƙasar Sin ya fito. An gwada shi a Nijeriya tun 1908, ya fara kafuwa a ƙasar Tibi, sannan daga baya ya shiga tukunyar Bahaushe ta hanyar awara da madara da daddawa.

Tambayar da aka fi yi ita ce wanne ya fi. A zahiri tambaya ce ta masana abinci, amma a ƙarƙashinta akwai wata mas'ala mai zurfi: shin fifikon abinci a jikin abincin yake, ko kuwa a halin mai cin sa da yadda aka sarrafa shi?

Halal da ɗayyib

Ta fuskar halacci babu gardama. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce asalin abubuwan ci halal ne sai abin da nassi ya haramta, kuma babu nassin da ya hana ɗaya daga cikin waɗannan tsirrai. Rashin ambatonsu a littattafan farko bai rage musu komai ba, domin ba abincin Larabawan wancan zamani ba ne. Rashin sabo ma ba hujjar haramci ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman wani nau'in damo na hamada, ya janye hannunsa domin ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, amma Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa bai hana shi ba. Wanda ƙamshin madarar waken suya bai kwanta masa ba yana da 'yancin barinta, amma ba shi da hurumin aibata ta ga wasu.

Sai dai Alƙur'ani, a aya ta 168 ta Suratul Baƙara, ya haɗa sifofi biyu ga abin da ɗan Adam zai ci: halal da ɗayyib. Malamai sun saɓa kan ma'anar ta biyun. Ƙurɗubi ya kawo cewa Imam Malik yana ganin ƙarfafa ma'anar halal ce, Imam Shafi'i kuma yana ganin abin da rai ke jin daɗinsa ne. Ibn Kasir ya fassara ta da abin da yake mai kyau a kansa, wanda ba ya cutar da jiki ko hankali. A kan wannan fassara ta ƙarshe ce ilimin abinci ke samun gurbi a cikin mas'alar addini. Halacci hukunci ne a kan nau'in abu da hanyar mallakarsa. Kyau da rashin cutarwa kuwa hali ne da abu ke iya samu ya kuma rasa, kuma ba a gane shi sai da bincike.

Abin da kowanne ya ƙunsa

Idan aka auna giram 100 na busasshen waken suya, za a sami furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 36, da mai kimanin giram 20, da kalori kusan 446. Giram 100 na ɓararriyar ɗanyar gyaɗa kuwa tana da furotin kimanin giram 26, da mai kusan giram 49, da kalori kusan 567. A taƙaice, waken suya ya fi furotin, gyaɗa ta fi mai da kuzari. Amma wannan awo na busasshen wake ne, kuma ba wanda ke cin sa a haka. Idan aka dafa shi ya sha ruwa, furotin ɗin da ke giram 100 yakan sauko zuwa wajen rabi, alhali gyaɗa ana cin ta a soye ba tare da ta kumbura da ruwa ba. Ƙuli-ƙuli ma, tun da an matse masa mafi yawan mai, ya fi ɗanyar gyaɗa furotin.

Bambanci mafi muhimmanci yana cikin ingancin furotin ɗin. Jiki na buƙatar wasu tubala guda 9 da ba ya iya ƙera su da kansa, sai dai ya samo su daga abinci. Ɗaya daga cikinsu, mai suna laisin, yana ƙaranci a gero da dawa da masara, kuma gyaɗa ma ba ta wadata da shi ba. Waken suya kuwa yana da shi sosai. Saboda haka a gidan da tuwo da kunu ne abincin kullum, nama da ƙwai kuma sai jefi-jefi, garin waken suya a cikin kunu yana toshe gurbin da gyaɗa ba za ta toshe ba.

A ɓangaren ma'adinai, waken suya ya ninka gyaɗa kusan sau uku a kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, haka ma a sinadarin ƙarfe mai gina jini. Sai dai yana ɗauke da wani sinadari mai suna faitet da ke riƙe waɗannan ma'adinai ya hana hanji tsotse su duka. Jiƙawa da tsirarwa da ruɓarwa irin ta daddawa suna rage shi. Gyaɗa kuma ta yi fice a nayasin, ɗaya daga cikin bitamin B, da bitamin E. Wajen rabin man gyaɗa irin wanda ya rinjaya a man zaitun ne, man waken suya kuwa yana da ɗan kason omega-3 da kusan babu shi a gyaɗa. Babu kolestarol a ko ɗayansu, kuma dukansu sun fi kitsen dabba sauƙi ga jijiyoyin jini.

Game da zuciya, Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince a 1999 a rubuta a jikin kaya cewa giram 25 na furotin ɗin waken suya a rana na iya rage haɗarin ciwon zuciya. A 2017 ita kanta ta gabatar da shawarar janye wannan amincewa domin binciken da ya biyo baya bai zo da sakamako iri ɗaya ba. Wannan ya nuna cewa hukuncin kimiyya a kan abinci zato ne mai rinjaye, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon hujja, don haka bai dace a ɗauke shi kamar nassi ba, bai kuma dace a yi watsi da shi ba.

Inda cutarwa ke shigowa

Kowannensu yana da ƙofar da cuta ke bi. Ɗanyen waken suya na ɗauke da sinadarai masu hana jiki narkar da furotin, kuma zafi ne ke karya su. Madarar da ba ta tafasa sosai ba, ko garin da ba a soya wakensa da kyau ba, suna kawo kumburin ciki da gudawa, kuma amfaninsu na raguwa. Akwai kuma sinadaran aisofilabon, masu ɗan kama da sinadarin halittar mata, waɗanda suka jawo jita-jitar cewa awara na rage mazakuta. Nazarce-nazarcen da aka tattara a kan maza ba su nuna cewa cin waken suya daidai kima yana rage sinadarin mazakuta ba. Abin da aka tabbatar shi ne yana iya rage shigar maganin da ake ba masu raunin ƙullin wuya mai haddasa maƙoƙo, shi ya sa likitoci ke cewa a sa tazara tsakanin shan maganin da cin waken.

Haɗarin gyaɗa ya fi tsanani, kuma daga ajiya yake zuwa. Idan fari ya kama ta a gona, ko aka zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, wata fumfuna kan kama ta ta haifar da guba mai suna afilatoksin. An gano gubar bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da ke jawo daji ga ɗan Adam, musamman dajin hanta, kuma haɗarin na ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita gaba ɗaya, kuma takan taru a tunkuza da ƙuli-ƙuli idan an yi su da gyaɗar da ta lalace. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona domin rage wannan fumfuna, amma busarwa sosai da tsince baƙaƙe da motsattsun ƙwayoyi su ne kariyar da ke hannun kowa.

A nan mas'alar ta koma ta amana. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya cusa hannu a tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙarƙashin busasshe, ya kuma nisanta mai algus daga tafarkinsa. Wanda ya ware kyakkyawar gyaɗa ya kai kasuwa, ya niƙa ruɓaɓɓiyar ya yi ƙuli-ƙulin da yara za su saya, ko ya cakuɗa ta a tsakiyar buhu, ya faɗa cikin wannan gargaɗi, har ma abin nasa ya fi muni, domin asarar mai saye ba ta tsaya a kuɗi ba. Malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa kare rai cikin manyan manufofi biyar na shari'a, kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana daga ginshiƙan fiƙihu. Gyaɗar da fumfuna ta ci ba ta fita daga nau'in halal ba, amma ta fita daga ɗayyib, kuma sayar da ita a ɓoye zalunci ne.

Fifiko ya danganta da mai ci

Abu ɗaya kan zama magani ga wani, nauyi ga wani. Yawan man gyaɗa da ke sa mai ƙiba ya yi hattara shi ne ya mai da ita ceton yaro mai tamowa. A 1996 likitan Faransa André Briend tare da Michel Lescanne suka haɗa Plumpy'nut daga markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin. Ƙunshi ɗaya mai giram 92 yana ba da kalori 500, ba ya buƙatar ruwa ko wuta. A yunwar da ta afka wa Nijar a 2005 an yi amfani da shi wajen jinyar dubban yara a yankin Maraɗi, yawancinsu a gidajen iyayensu. Ga yaron da jikinsa ya rame, gyaɗa ce a gaba. Ga mai ciwon sukari ko mai son rage ƙiba, awarar da ba a tsoma ta cikin mai ba ta fi dacewa. Ga wanda jikinsa ke bori da gyaɗa kuwa, ƙwaya ɗaya na iya toshe masa numfashi, kuma kaurace mata ya zama wajibi a kansa ko da halal ce ga kowa. Wani bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai abinci mai gyaɗa da wuri yana rage kamuwa da wannan bori da kusan kashi 80 cikin ɗari, muddin a markaɗe take, domin ƙwayar gyaɗa kan shaƙe ƙaramin yaro. Madarar waken suya ta gida kuma ba ta maye gurbin nonon uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata 6, Suratul Baƙara kuma a aya ta 233 ta ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa.

Saura ma'auni na ƙarshe, wato adadi. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya kasa ciki uku: abinci, abin sha da numfashi. Cikin tafin hannu na gyaɗa, wajen giram 30, ya kai kalori 170. Mai ɓarar gyaɗa yana hira kan ci ninkin haka sau uku bai sani ba. Awara ma in aka soya ta a man da aka yi ta maimaitawa, aka tula mata gishiri da yaji, ta rasa yawancin fifikonta.

Hukuncin da ya fito daga wannan duka shi ne babu ɗayansu da ya fi a kowane hali. Waken suya ya fi wajen cike giɓin furotin a abincin da hatsi ya rinjaya, gyaɗa ta fi wajen ba da kuzari da sauƙin sarrafawa, kuma kunun da ya haɗa gero da su biyun ya fi wanda ya ɗauki ɗaya. Halaccinsu kyauta ce da ba a wahala kafin a same ta. Zamansu ɗayyib kuwa aiki ne da ke wuyan mutane: manomi ya busar, ɗan kasuwa ya tsince ya kuma faɗi gaskiya, mai girki ta dafa sosai, mai ci ya san kimarsa.